Faɗuwar Farashin Gidaje: Darasin Amurka Kan Sayen Gida Da Zaɓen Unguwa Mai Aminci

Tun daga tsakiyar shekarar 2022 farashin gidaje ke ja da baya a birnin Austin na jihar Texas ta Amurka, daga bisani kuma wasu garuruwan gaɓar tekun Fulorida suka bi sahu. Daga cikin dalilan har da tsadar bashi. Kuɗin ruwan lamunin gida na shekara 30, wanda ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin 100 a 2021, ya haura kashi 7 a ƙarshen 2022. Wanda ya ranci dala 300,000 a kan kashi 3 yana biyan kimanin dala 1,265 a wata, amma a kan kashi 7 biyan yakan kai dala 1,996. Da masu saye suka ragu, sai masu sayarwa suka fara sassauta farashi.

Ga magidancin da ya daɗe yana zaman haya, saukar farashi kamar buɗi ce. Sai dai tana zuwa da tambayoyi biyu masu nauyi. Ta farko, shin farashin ya gama sauka, ko kuwa wanda ya saya yau zai wayi gari gidansa bai kai bashin da ke kansa ba? Ta biyu, unguwar da ake gani lafiya lau a yau, za ta ci gaba da zama haka idan maƙwabta suka fara rasa gidajensu? Amurka ta taɓa amsa waɗannan tambayoyi da tsada tsakanin 2006 da 2012, kuma abin da ya faru a lokacin ya isa ishara ga duk mai shirin zuba tarin guminsa a gida.

Yadda kasuwar ta kumbura ta fashe

A Najeriya mafi yawan mutane fili suke saya su riƙa gini sannu a hankali gwargwadon abin da ya shigo hannu. A Amurka kuwa akasarin masu sayen gida bashin banki suke ci. Mutum ya ba da kuɗin kafin alƙalami, banki ya cika sauran, gidan ya zama jingina har a gama biya, galibi cikin shekara 30. Saboda haka farashin gida a can ya rataya ne a kan sauƙin samun bashi da kuma tsadarsa.

A watan Yunin 2003 Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwansa zuwa kashi 1 cikin 100. Bashi ya yi araha, kamfanonin ba da lamuni suka sassauta sharuɗɗa, har aka kai ga bai wa mutane bashi ba tare da sun nuna shaidar abin da suke samu ba. Da yawa an ba su lamunin da kuɗin ruwansa ke da sauƙi a shekaru biyun farko, sannan ya yi tsalle. Masu ba da bashin ba su damu ba, domin sukan haɗa basussukan su sayar wa masu zuba jari, hatsarin ya koma kan wasu. Masu karɓa su ma ba su damu ba, domin sun ɗauka farashi zai ci gaba da hawa, in biya ya gagara su sayar da gidan su ci riba.

Daga Yunin 2004 zuwa Yunin 2006 Babban Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa sau 17 a jere, har ya kai kashi 5.25. A tsakiyar 2006 farashin gidaje ya kai ƙololuwa, sannan ya juya. Waɗanda wa'adin sauƙinsu ya ƙare suka kasa biya, suka kuma kasa sayarwa. A watan Satumban 2008 gwamnati ta karɓi ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan cibiyoyin nan biyu da ke tsaya wa lamunin gidaje, kuma a ranar 15 ga watan bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Zuwa Oktoban 2009 rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100.

Ma'aunin Case-Shiller, wanda ke bibiyar farashin gidajen da aka sake sayarwa, ya nuna cewa daga 2006 zuwa farkon 2012 farashi ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100 a faɗin ƙasar. Amma wannan jimilla ce kawai. A Las Vegas faɗuwar ta haura kashi 60, a Phoenix da Miami ta wuce rabi, yayin da a Dallas da Denver ba ta kai kashi 15 ba. Ke nan alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa gaya wa mai saye halin da garinsa ke ciki, balle unguwarsa.

Abin da faɗuwa ke yi wa mai bashi

Ƙaramin lissafi zai fayyace hatsarin. A ɗauka mutum ya sayi gida a kan dala 300,000, ya ba da kashi 5 cikin 100, wato dala 15,000, banki ya ba shi rancen dala 285,000. Idan farashi ya faɗi da kashi 20, gidan ya koma dala 240,000. Kuɗinsa na kafin alƙalami ya tafi, kuma bashin da ke kansa ya ɗara darajar gidan da kusan dala 45,000, tunda a shekarun farko mafi yawan abin da ake biya kuɗin ruwa ne, uwar bashin ba ta raguwa sosai. In ya ce zai sayar, ga kuma la'adar dillalai, wadda a al'ada takan kai kashi 5 zuwa 6.

Da ya ba da kashi 20, wato dala 60,000, bashinsa zai tsaya a dala 240,000. Faɗuwar za ta cinye abin da ya zuba, amma ba za ta bar shi da giɓi ba. Wannan ne ya sa girman kuɗin kafin alƙalami ya zama garkuwa ta farko a kasuwar da ke sauka.

A tsananin rikicin, kusan ɗaya cikin kowane gida huɗu masu bashi a Amurka ya shiga wannan hali na bashi ya fi gida. Mai irin wannan gida ba ya iya ƙaura zuwa inda ya samu aiki, kuma banki ba ya yarda ya sabunta masa lamuni a kan kuɗin ruwa mai sauƙi. Muddin yana da aikin yi kuma yana biya, asarar a takarda take. Ranar da aiki ya kuɓuce, ko rashin lafiya ta zo, ko aure ya mutu, ranar ce asarar ke zama ta zahiri. A 2010 kaɗai gidaje kusan miliyan 2.9 ne aka buɗe wa takardun ƙwacewa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, in ji Hausawa, amma fita sai an sha wuya: sai a ƙarshen 2016 matsakaicin farashin ƙasar ya komo inda yake a 2006, shekara goma ke nan cur.

Ko ana iya gane ƙarshen sauka?

Babu wanda ke iya nuna ranar da farashi zai daina sauka, sai bayan ta wuce. A 2009 gwamnatin Shugaba Barack Obama ta ba masu sayen gida karon farko rangwamen haraji har na dala 8,000. Ciniki ya motsa, farashi ya ɗan ɗaga, mutane da dama suka ɗauka guguwa ta wuce. Da wa'adin rangwamen ya ƙare a watan Afrilun 2010, sai farashi ya sake gangarawa har zuwa 2012. Waɗanda suka yi gaggawa domin dala 8,000, wasunsu sun yi asarar da ta ninka haka.

Duk da haka akwai alamomin da masana ke dubawa. Ta farko ita ce yawan gidajen da ke kasuwa, idan aka auna da yadda ake saye. In gidajen da ke jiran mai saye za su ƙare cikin kimanin wata shida, ana ɗaukar kasuwar a daidaice take. A 2008 adadin ya haura na wata goma, alamar cewa masu sayarwa za su ci gaba da rage kuɗi.

Ta biyu ita ce kwatanta farashi da kuɗin haya. Gidan dala 240,000 da ake ba da hayar irinsa a kan dala 1,500 a wata, wato dala 18,000 a shekara, farashinsa ya ninka hayar shekara sau 13 da ɗoriya. Abin da aka saba ɗauka shi ne, idan ninkin bai kai 15 ba saye ya fi, idan kuma ya haura 20 zaman haya ya fi sauƙi. Haya ba ta kumbura kamar farashin saye, domin daga albashi ake biyanta, ba daga bashi ba.

Ta uku ita ce farashin da aka sayar da gidaje masu kama da juna a unguwar cikin 'yan watannin baya. Kuɗin da mai gida ya sa wa gidansa buri ne kawai, sau da yawa yana tuna farashin bara. Abin da aka biya aka rubuta a rajistar ƙaramar hukuma shi ne ainihin kasuwa, kuma a kasuwar da ke sauka cinikin da ya wuce wata shida ya tsufa.

Bayan waɗannan akwai tambayar da mai saye kaɗai zai iya amsawa: shekara nawa zai zauna, kuma yaya ƙarfin aikinsa yake? Wanda zai yi shekara goma a gida, da kuɗin ruwa tsayayye da ajiyar da za ta riƙe shi wasu watanni, zai iya jure faɗuwa. Wanda wataƙila a sauya masa wurin aiki cikin shekara biyu ko uku, haya ta fi masa rufin asiri.

Dalilin da unguwannin nesa suka fi jin jiki

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa ke kallon unguwannin bayan gari a matsayin mafaka: makarantu masu kyau, tituna shiru, yara na wasa a ƙofar gida. Rikicin 2008 ya nuna cewa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Tsofaffin unguwanni da ke kusa da wuraren aiki sun fi riƙe darajarsu. Waɗanda suka fi faɗuwa su ne sababbin rukunan gidaje da aka gina can nesa, a hamadar Arizona da Nevada, da tsakiyar Kalifoniya, da kudu maso yammacin Fulorida, inda masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa nausawa har sai sun kai inda kuɗinsu zai iya saye.

Dalilan a bayyane suke. Mazauna irin wannan rukuni kusan lokaci guda suka saya, a kan farashi mafi tsada, da ƙaramin kafin alƙalami, saboda haka lokaci guda suka shiga matsala. Fili kuma yana da yawa a kewaye, kamfanonin gini na ci gaba da fito da sababbin gidaje suna karya farashi. Ga tsadar zirga-zirga: a watan Yulin 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4, abin da ya ƙara wa masu tafiyar awa guda zuwa aiki nauyi.

Mujallar The Atlantic ta ruwaito a 2008 cewa a rukunin Windy Ridge da ke wajen birnin Charlotte na jihar North Carolina, gidaje 81 daga cikin 132 sun shiga hannun masu bin bashi. A irin waɗannan wurare ɓarayi sun riƙa shiga kangwaye suna cire wayoyi da bututun tagulla, ciyawa ta rufe farfajiya, tafkunan wanka da aka yi watsi da su suka zama matattarar sauro.

Wutar kuma ba ta tsaya a gidan da ta kama ba. Binciken Dan Immergluck da Geoff Smith a birnin Shikago, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa duk gida ɗaya da aka ƙwace yana rage darajar gidajen da ke kusa da shi da kimanin kashi 0.9 cikin 100. Wani binciken da John Campbell na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi a jihar Massachusetts ya nuna cewa gidan da banki ya ƙwace ana sayar da shi da ragin kimanin kashi 27. Wannan farashin gwanjo shi ke zama ma'aunin da za a kimanta gidan maƙwabci da shi. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, dole mutum ya shafa wa nasa ruwa.

Cibiyar Brookings ta lissafa cewa tsakanin 2000 da 2011 yawan matalauta a unguwannin bayan gari ya ƙaru da kashi 64 cikin 100, fiye da ninki biyu na ƙaruwarsu a cikin birane. Sunan unguwar bayan gari kaɗai ya daina zama shaidar wadata ko aminci.

Yadda ake auna amincin unguwa

Baƙo a Amurka kan yi mamakin yadda dillali ke kauce wa tambayar ko unguwa tana da tsaro. Dalilin na doka ne. Dokar adalci a harkar gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, ta haramta karkatar da mai saye zuwa wata unguwa ko kawar da shi daga wata saboda launin fata, addini ko asali. Shekaru da dama kafin nan an yi amfani da kalmomi irin su unguwa mai kyau wajen ware baƙar fata. Don haka dillalai kan tura mai saye ya binciki alƙaluma da kansa, kuma hakan ya fi masa, domin launin mazauna ba ma'aunin tsaro ba ne.

Matakin farko shi ne alƙaluman 'yan sanda. Hukumar FBI na tattara bayanan laifuffuka daga sassan ƙasar tun 1930, amma ita kanta tana gargaɗin kada a yi amfani da su wajen jera garuruwa daga na kirki zuwa na banza. Garin da ke da babbar cibiyar kasuwanci zai nuna sace-sace da yawa, alhali masu zuwa cefane daga wasu garuruwa ba sa cikin ƙidayar mazaunansa. A ƙaramin gari kuma, kisa biyu a shekara guda kan sa alƙaluma su yi tsalle. Abin da ya dace shi ne a raba laifukan zubar da jini da na dukiya, a auna su da yawan jama'a, a kuma dubi inda suka dosa cikin shekaru biyar. Ofisoshin 'yan sanda da yawa na wallafa taswirar laifuffuka titi-titi a intanet. Abin lura shi ne, a 2009 da 2010 laifukan zubar da jini sun ragu a ƙasar baki ɗaya duk da matsin tattalin arziki. Matsalar ta taru ne a wasu keɓaɓɓun wurare, shi ya sa binciken titi ya fi na gari amfani.

Mataki na biyu shi ne aljihun hukumar garin. A Amurka harajin gidaje na daga cikin manyan hanyoyin da ake biyan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da malaman makaranta. Idan darajar gidaje ta faɗi, kuɗin shiga na raguwa. Garin Vallejo na Kalifoniya ya ayyana fatara a watan Mayun 2008. Stockton, mai mutane kusan 300,000, ya rage kimanin rubu'in 'yan sandansa, ya ayyana fatara a watan Yunin 2012, kuma a shekarar aka kashe mutum 71 a garin, adadin da bai taɓa gani ba. Kasafin kuɗin gari da rahoton basussukansa a buɗe suke ga kowa, kuma karanta su na nuna ko tsaron da ake gani yau zai ɗore.

Na uku shi ne ƙirga kangwaye. Mai saye ya zagaya titin da ƙafa, ya lura da allunan sayarwa, da tagogin da aka toshe da katako, da wasiƙun da suka taru a ƙofa. Ya tambayi gidaje nawa masu su ke ciki, nawa ne na haya. Inda akwai ƙungiyar masu gidaje da ke karɓar kuɗin wata domin gyaran tituna da fitilu, ya nemi ganin asusunta, domin idan mambobi da yawa suka daina biya, nauyin kan waɗanda suka rage yake komawa.

Na huɗu shi ne ziyara a lokuta daban-daban: da sassafe lokacin fita aiki, da yamma lokacin tashin makaranta, da kuma daren ƙarshen mako. Hira da maƙwabcin da ya shekara goma a titin kan bayyana abin da babu a kowace takarda.

Na biyar shi ne hanya. A 2008 haɗurran mota sun kashe mutum sama da 37,000 a Amurka, yayin da kisan kai ya ci kimanin 16,000. Farfesa William Lucy na Jami'ar Virginia ya haɗa mace-macen hanya da kisan da baƙin fuska ke yi, ya gano cewa yankunan da ke can nesa da birni sun fi tsakiyar birane da dama hatsari ga mai fita daga gida. Iyalin da suka guje wa ɓarawo suka koma inda za su riƙa tuƙin awa biyu kullum a kan hanya mai duhu, wataƙila garin neman ƙiba sun samo rama.

Na shida shi ne ruwa da iska. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta daban, kuma hukumar agajin gaggawa ta FEMA na da taswirar wuraren da ruwa ke ci. Yankin Cape Coral da Fort Myers, wanda ke sahun gaba wajen ƙwace gidaje a 2008, shi ne kuma mahaukaciyar guguwar Ian ta afka wa a watan Satumban 2022. Gida mai araha a wurin da kuɗin inshora ke hawa kowace shekara, arahar tasa ta ɗan lokaci ce.

Abin da ya sauya da abin da bai sauya ba

Dokar Dodd-Frank da aka sa wa hannu a watan Yulin 2010 ta wajabta wa masu ba da lamuni su tabbatar mai karɓa zai iya biya, kuma mafi yawan masu bashin gida a yau kuɗin ruwansu tsayayye ne. Wannan ya rage yiwuwar a sake ganin irin tururuwar ƙwace gidaje ta 2008. Amma dokar ba ta hana farashi sauka a garin da aka yi gini fiye da buƙata, ko wanda ya dogara ga sana'a guda, kamar yadda Austin ke nunawa.

Kasuwa mai sauka tana bai wa mai saye abu guda da ba ya samu lokacin rububi, wato lokaci. Babu mai ture shi, yana iya tayawa ƙasa, ya kawo masanin gini ya duba rufi da wayoyi da bututu, ya koma unguwar sau uku ko huɗu kafin ya sa hannu. Ana iya sake rufin gida, a sauya famfo da fenti, amma mai gida ɗaya ba ya iya cika kangwayen titinsa da mutane, ko ya biya albashin 'yan sandan garinsa. Shi ya sa waɗanda suka fita daga rikicin 2008 da sauƙi galibi su ne waɗanda suka sayi abin da albashinsu zai ɗauka, a unguwar da maƙwabta suka daɗe kuma suke da niyyar zama.